Sanarwar da Ta Wuce Ni Ranar Alhamis

Ku yaran da ke zuwa shagona cike fom da buga takardu, ina ganinku in kun leƙa kwamfutata kuna taɓa juna. Rannan ɗayanku ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, wai wannan ma sana'a ce? Ai ni ma tun da na tashi labarai nake karantawa a waya, ba wanda ya ce mini sannu." Gaskiyarsa ce. Sai dai shi in labari ya wuce shi ba wanda zai ji a jikinsa.

Sana'ata ita ce in karanta a madadin wasu. Akwai mai gabatar da shirin safe a wani gidan rediyo, shi yana son in tsamo masa duk abin da ya shafi Jigawa kafin ya shiga ɗakin watsa shiri. Akwai 'yan kasuwar hatsi, akwai masu shanu da ke jiran ranar rigakafi, akwai iyayen da 'ya'yansu ke jiran sanarwar makaranta alhali a garinsu ko kira ba ya shiga sai an hau tudu. Na fi shekara talatin ina wannan aiki a Dutse. A iya sanina, sanarwa ɗaya ce ta taɓa wuce ni har ta cuci mutum. Ta wata yarinya ce mai suna Rabi daga ƙasar Buji, kuma gurbin karatunta ne a cikinta. Zan ba ku labarin, amma sai kun fara jin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ce sakacin tsufa ne ku wuce abinku.

Ranar da na fara, a sashen yaɗa labarai na wani ofis, maigidana Malam Sale ya aje mini jaridu shida da reza da rula da kwalbar ƙaro. Jaridun daga Kano suke zuwa, ba sa isowa tasha sai hantsi ya yi, ga shi kafin azahar ake son fayil ya hau teburin shugaba. Ya ce in yanke duk abin da ya shafi noma da kiwo in manna a farar takarda. Na ga wani labari kan takin zamani, na ɗora rula na zuge shi tsaf, har ina jin daɗin yadda gefen ya fita. Malam Sale ya karɓa, bai ko kalli labarin ba, ya juya bayansa.

"Wannan fa?"

A bayan akwai sanarwar rigakafin shanu, na raba ta biyu. Bai yi faɗa ba. Ya sa na haɗa guntayen na kwafe sanarwar da hannu har sau uku, kowanne da sunan jarida da lambar shafi da rana. Tun daga nan ban ƙara sa reza a takarda ba sai na juya ta.

Dokarsa ta biyu ita ce ta tari biyu. Jaridar da ba a karanta ba tana hagu, an danne ta da dutse. Wadda aka gama tana dama. Tarin hagu ba mai taɓa shi, ko da shugaba ne ya aiko. Na dama kuwa na kowa ne. Da an tashi daga aiki sai in naɗe su a hammata in tafi da su majalisarmu a Limawa, su yi ta yawo hannu zuwa hannu, wannan ya karɓi shafin siyasa, wancan na ƙwallo, a ƙarshe mai ƙosai ta samu na naɗi. Shekara da shekaru mutanen majalisar nan sun saba in na zo bayan la'asar da jarida nake zuwa.

Da na bar aikin ofis na buɗe wannan shago, jaridun takarda sun fara ja da baya, kowa ya koma intanet. Na yi kusan shekara biyu ina wahalar banza. Kullum da safe in buɗe shafuka wajen arba'in ɗaya bayan ɗaya, janareto na shan mai, shafi na juyawa ya ƙi buɗewa, in ya buɗe ma in tarar abin jiya ne. Wani malamin kwamfuta ne ya ji tausayina ya nuna mini manhajar tattara labarai. Ga wanda bai santa ba, aikinta ke nan: ka ba ta adireshin shafukan da kake bi, ita za ta riƙa zagaya su tana kwaso duk sabon abin da aka sa, ta jera maka wuri ɗaya. Labarin da ba ka karanta ba yana nan da baƙin rubutu mai kauri. Wanda ka karanta sai ya dushe, ya fita daga jerin sababbi. Da na gani na ce ai wannan tarin hagu da tarin dama ne, dutsen kawai aka cire.

Kada ku ɗauka da na same ta aikin ya ƙare. Manhaja kwasowa take yi, ba ta tacewa. Wata safiya wani Alhaji mai hatsi, cikin waɗanda nake yi wa karatu, ya kira ni yana haki. An turo masa labari cewa an rufe wata babbar kasuwa, ga motarsa biyu an yi lodin gero za su tafi can. Na duba, labarin yana shafuka har bakwai. Ɗayanku da ya ga bakwai sai ya ce ta tabbata. Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga duk kalma ɗaya suka kwafa har da kuskuren rubutu, na bi baya na tarar da na asalin, tsohon labari ne na shekarun baya wani ya tono. Na ce masa, "Alhaji, a tada mota." Wannan shi ne aikin, kuma ba a yinsa a kwance a kan katifa ana jan waya.

Shekarar da nake kira muguwar shekara, abubuwa biyu ne suka haɗu a wata ɗaya. Na farko, masu manhajar da na saba da ita suka sanar za su rufe ta, kowa ya kwashe nasa ya nemi wata. Na biyu, Malam Jauro ya zo shagona.

Bafulatani ne na wani ƙauye a ƙasar Buji. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma ya zauna yana noma yana riƙe da 'yan shanunsa. Na san shi tun ina ofis, yakan zo tambayar ranar rigakafi. Dogo ne, ba ya ɗaga murya. Muka gaisa muka ƙara gaisawa, ya tambayi iyali da jama'a, sannan ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya miƙo mini.

"Malam, yarinyar nan ce ta wajena. Ta yi jarrabawar makarantar koyon ungozoma. Bara ba ta dace ba, bana ta ce ta ga alama. Sun ce sunayen waɗanda suka ci a intanet za su sa, tare da ranar tantancewa. Mu kuwa ka san garinmu."

Bai faɗi sunanta ba, domin 'yarsa ce ta fari. A takardar na gani, Rabi, ga lambar jarrabawarta a ƙasa. Na tambaye shi in mutum bai je tantancewar ba fa? Ya ce an gaya musu tun a wurin jarrabawa, wanda bai zo ba, za a ba wani gurbinsa, sai kuma wata shekara a sake daga farko.

"To ka kwantar da hankalinka," na ce masa. "Shafin makarantar zan sa cikin waɗanda nake bi. Ranar da suka sa, ranar za ka ji, ko da mota zan hau in zo da kaina."

"Shi ke nan, na bar maka," ya ce. "Ba zan sa kowa ya duba ba kuma."

Muka yi da shi duk ranar da ya shigo kasuwa, inda ake samun sabis, zai kira ni ya ji.

Zaɓen sabuwar manhaja ya ci mini mako uku, kuma ba na jin akwai wanda ya yi shi da natsuwa kamar yadda na yi. Abin da nake nema a fili yake. Da safe ina shago a gaban kwamfuta. Da rana ina tasha ko gidan rediyo ko wurin ɗaurin aure, waya ce a aljihuna. Ina son abin da na karanta a nan kada in sake tarar da shi a can, abin da na sa wa alama a can kuma in same shi a nan. In an ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, in ɗauki waya in ci gaba daga inda na tsaya.

Guda huɗu na gwada. Ta farko a kwamfuta ba ta da makusa, amma a waya sai ta sauke kowane hoto kafin ta nuna maka layi ɗaya na rubutu. Datar da nake mako da ita ta cinye a kwana biyu. Ta biyu mai sauƙi ce, sai dai ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, labarin Hausa in ya shigo duk ya cika da 'yan akwatuna, sai ka yi ta cike gurbi da ka. Ta uku ita ta fi ba ni haushi. Sunanta ɗaya a waya da kwamfuta, tambarinta ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna. Na karanta labari saba'in a shago, na fito na shiga adaidaita na buɗe waya, na tarar da saba'in ɗin nan baƙi ƙirin suna jirana. Mai aiki irin nawa in ya riƙa karanta abu sau biyu, ido zai saba da tsallakewa, daga nan kuma ya tsallake wanda bai kamata ba.

Ba a cikin shago kawai nake gwajin ba. Ranar da zan kai wa wani saƙo Jahun na tafi da su duka a waya, domin akwai wuraren da sabis ke yankewa a hanya. Ina son in ga wace ce za ta bar ni in karanta ba sabis, kuma in sabis ya dawo ta sanar da kwamfuta abin da na yi ba sai na roƙe ta ba. Na kuma duba ko manhaja tana barin mutum ya fitar da jerin shafukansa a fayil ɗaya ya ajiye, tunda yanzu na san duk wadda ka gani masu ita na iya tashi wata rana su rufe.

Ta huɗu ta ci duk wannan. Na aje waya kusa da kwamfuta, na taɓa labari a waya, kafin in ƙirga goma ya dushe a kwamfuta. Na yi ta maimaitawa kamar yaro ya samu makunnin fitila. Tana kuma da wani saiti da na ga ya dace da ni: in kana jan jerin sama da yatsa, duk kanun labarin da ya haye saman fuskar waya sai ta ɗauka ka gan shi, ta dusar da shi, ba sai ka buɗe ba. Mutumin da ke bin kanu ɗari uku a rana ya san darajar wannan. Da hannuna na kunna shi, ba wanda ya sa ni. Na buɗe jaka ta musamman na sa mata suna Makarantu, na zuba shafin makarantar Rabi a ciki. Kullum ita nake fara dubawa.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne majalisa.

Babbanmu a majalisar Limawa shi ne Alhaji Baba Idi, tsohon direban babbar mota, abokin mahaifina. Tun zamanin takarda shi ke fara karɓar jarida kafin kowa. Da takarda ta ƙare bai canza komai ba. In na zauna sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina jaridar?" ni kuma in ba shi waya. A da shafin wata jarida nake buɗe masa. Da na samu sabuwar manhaja sai na ga ta fi masa sauƙi, ga komai a jere, na riƙa buɗe masa jerin da ke nuna duka labaran ranar, tsofaffi da sababbi. A tunanina ai na riga na share tarina kafin in baro shago, abin da ke hannunsa na dama ne.

Idonsa ya yi rauni, ba karatu yake sosai ba. Kanu yake bi yana neman sunan garin da ya taɓa kai kaya, in ya samu ya ba mu labarin hanyar. Yakan lashi yatsa kafin ya ja fuskar wayar, kamar yadda yake yi wa shafi, ni kuma in goge da bakin riga in ta dawo. In ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, wancan ya miƙa wa na gaba, sai ta zaga mutum biyar ko shida kafin a kira magariba. Ba a ce wa dattijo ya kawo waya. Ban ma taɓa jin ina son in ce ba.

Ashe kullum tsakanin la'asar da magariba akwai 'yan labarai biyar ko goma da ke shigowa, su hau saman jerin, yatsun majalisa su ja su sama, manhaja ta ɗauka ni ne. Nan take ta sanar da kwamfutar da ke kulle a shago cewa an karanta. Da safe in zo in tarar da sababbin da suka shigo bayan nan kawai. Cikin ɗari uku wa zai lura goma sun ɓace? Ta yi aikin da na zaɓe ta dominsa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ranar wata Asabar Malam Jauro ya kira daga kasuwa, ina jin kukan awaki a bayansa.

"Malam, ko akwai labari?"

Ina gaban kwamfuta. Na kalli jakar Makarantu, ba komai a cikinta.

"Babu tukuna," na ce. "Ka gaida gida."

"To, Allah ya sa mu ji alheri. Yarinyar nan kullum sai ta tambaya."

Ranar Laraba wata mata da ke kawo mini aiki, Hajiya Ladi, ta shigo da takardun 'yarta a yi mata kwafi. Ina jera su a kan inji na ga sunan makarantar.

"Hajiya, wannan na mene ne?"

"Na rajista ne. Ai an tantance su shekaranjiya Litinin, an ɗauke ta. Kai da kake sanar da mutane ba ka ji ba?"

Na gama mata kwafin, na ba ta, na yi mata murna. Da ta fita na koma kwamfuta na rubuta sunan makarantar a wurin bincike, na ce a nuna har da waɗanda aka karanta. Ga ta nan, a dushe. Ta shigo ranar Alhamis ɗin da ta wuce, biyar saura 'yan mintoci, irin lokacin da ma'aikaci ke sa abu ya kulle ofis ya tafi. A daidai lokacin na san inda wayata take, na san ma a hannun wa. Na buɗe jerin sunayen. Rabi ce ta goma sha ɗaya, lambarta daidai da ta takardar da ke cikin durowata.

Na buga jerin na rufe shago na tafi makarantar. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce sun jira har yammacin Litinin, ranar Talata suka kira na jerin masu jiran gurbi, kuma sun riga sun zo da iyayensu. Ya tambaye ni wace yarinya nake so ya cire ya sa tawa. Na yi masa godiya na tashi. Ba laifinsu ba ne, sun sa sanarwa inda suka ce za su sa.

Abin da na gyara daga baya zan faɗa muku yanzu, domin in na kai ku Buji ba zan dawo kan manhaja ba. Ban canza ta ba, har yau ita nake amfani da ita. Na kashe wancan saitin, labari ba ya dushewa sai na danna shi da kaina, ko da hakan ya ƙara mini rabin awa kullum. Duk abin da na ɗaukar wa mutum alkawari a kansa, ba na dogara da jerin sababbi. Shafin nake buɗewa kai tsaye safe da yamma in gani da idona, kuma in rubuta lokacin da na duba a bayan takardar mutumin. In wani ya tambaye ni yadda zai zaɓi manhajar da za ta yi masa aiki a waya da kwamfuta, nakan ce ya duba data, ya duba karatu ba sabis, ya duba haruffanmu, ya duba fitar da jeri. Sannan in tambaye shi mutum nawa ke taɓa wayarsa a rana. Masu ƙera waɗannan abubuwa sun ɗauka waya ɗaya mutum ɗaya ne, ba su taɓa zama a majalisa ba. Alhaji Baba Idi kuwa ban taɓa gaya masa ba. Na samo wata tsohuwar waya na sa mata shafukan jaridu, ita nake miƙa masa har Allah ya yi masa rasuwa.

Washegarin zuwana makarantar, da safe na hau motar Buji. Zan iya jira sai ya kira ranar kasuwa, amma na ce masa da kaina zan zo in an sa, kuma an sa. Daga bakin titi na hau acaɓa, muka ratsa gonaki, gero ya fi tsayin mutum. Na tarar Malam Jauro yana gona, aka aika ya zo. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin bishiyar ƙofar gida, ya sa aka kawo fura da nono. Da ya ga na zo da kaina fuskarsa ta saki, ya ɗauka albishir na kawo. Ban bari gaisuwa ta yi tsawo ba.

Na gaya masa komai, har da majalisa, har da saitin da na kunna da hannuna. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah bai nufa ba, Malam. Sha furarka."

Muna nan zaune Rabi ta fito ɗaukar ƙwarya. Siririya ce, doguwa kamar ubanta. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, kuma daga yadda ta kalli takardar jerin sunayen da ke hannuna na san an gaya mata ko ni wane ne.

"Baba, an sa ranar?" ta ce da ni.

Kafin in buɗe baki mahaifinta ya riga ni. Ba ita ya kalla ba, gefe ya kalla.

"Bana ba su fitar da sunaye ba. Malam ya zo ne ya gaya mana sai wata shekara."

Na san abin da yake yi, baƙonsa yake rufa wa asiri a ƙofar gidansa. Amma a sana'armu labarin da ba daidai ba a gaban wanda ya ji shi ake gyara shi.

"Malam Jauro, ka yi haƙuri," na ce. Na juya gare ta. "Sun fitar, 'yata. Ni ne ban gani ba sai da aka gama."

Ta murza bakin mayafinta.

"Sunana yana ciki?"

"Yana ciki. Ke ce ta goma sha ɗaya."

"Yaushe aka yi?"

"Litinin."

"Litinin," ta ce a hankali. "Ai ranar ina gida. Ba abin da na yi sai tsinkar zogale."

Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙe, ta yi taku biyu, sai ta dawo ta sake durƙusawa a gabana.

"Baba, ko za ka bar mini takardar? Ina so in nuna wa Inna ba faɗuwa na yi ba."